MU SAN ƘASARMU: TAFIYA ZUWA DUTSEN BAGAZAM

Ƴan uwa ɗaliban cibiyoyin yaƙi da jahilci, darasinmu na wannan fitowa na sanin ƙasa ne. Za mu tashi daga Tawa cikin mota, mu nufi arewa. Za mu tsaya inda ya kamata a tsaya. Daga nan mu bar mota a gindin dutse, mu hau da ƙafa har wurin da ya fi ko'ina tsawo cikin Nijar. Sunan wurin Idukal-n-Tages. Yana bisa dutsen Bagazam, cikin ƙasar Abzin, jihar Agadas. Tsawonsa mita 2022.

Da yawa cikinmu, in an ce arewa, sai su ce: ai babu kome can sai rairayi da ƙishirwa. Wannan magana ba daidai ba ce. Kantun gishirin da shanunku ke lasa daga can ya biyo. Dabinon da kuke buɗa baki da shi, da tafarnuwa da dankalin turawa da kuke gani a kasuwa, da yawansu daga can suke. Jihar Agadas ita kaɗai ta fi rabin faɗin ƙasarmu. Mutumin da bai san rabin gonarsa ba, ai ba a ce masa manomi.

YADDA AKE AUNA TSAWON DUTSE

Kafin mu shiga mota, sai mun gane abu guda. In an ce Idukal-n-Tages yana da mita 2022, ba daga gindinsa aka fara awo ba. Daga fuskar ruwan teku aka fara. Duk duniya haka ake yi, domin ruwan teku a shimfiɗe yake, kamar ruwa cikin ƙwarya. Ko da ƙasarmu ba ta da teku, da shi ake auna tudunta da kwarinta.

Wurin da ya fi ƙasa cikin Nijar shi ne bakin kogin Kwara, wajen mita 200 bisa teku. Maraɗi da Tawa sun kusa mita 400. Damagaram ta ɗan fi su. Agadas tana wajen mita 500. Ke nan mai zuwa arewa hawa yake yi sannu sannu, ko da idonsa na nuna masa fili.

An daɗe ana koya wa yara cewa dutsen Gerebun, can arewacin Abzin, shi ya fi kowane tsawo. Tsofaffin taswirori sun ba shi fiye da abin da yake da shi. Da aka sake awo, sai aka samu mita 1944 ne. Idukal-n-Tages ya fi shi. In wani tsohon ɗan makaranta ya yi muku gardama a kan wannan, kada ku yi faɗa da shi: abin da aka koya masa ke nan.

Maƙwabtanmu suna da waɗanda suka fi namu. Emi Kusi na Cadi yana da mita 3415, Tahat na Aljeriya mita 2908, Cappal Waddi na Najeriya mita 2419. Amma bisa namu akwai garuruwa da garake, kuma wannan ne ya sa ya cancanci darasi.

SHIRI

Ba kowane lokaci ake wannan tafiya ba. Da bazara zafin gindin dutse yana iya kashe mutum. Da damina ƙoramu suna yanke hanya. Lokacin da ya fi shi ne daga watan Nuwamba zuwa Fabrairu. Amma ku riƙe bargo mai kauri, za ku ga dalili nan gaba.

Ku riƙe katinku na ɗan ƙasa, domin akwai shingen jami'an tsaro a hanya. Sa'annan akwai maganar da ba za mu ɓoye ba. Ƙasar Abzin ta ga tawaye daga 1990 zuwa 1995, har aka sa hannu a kan sulhu ranar 24 ga Afrilu 1995, ranar da muke hutu kowace shekara don tunawa da ita. Ta sake ganin wani daga 2007 zuwa 2009, lokacin da aka binne nakiyoyi a wasu hanyoyi. Daga 2014 kuma aka gano zinariya a arewa, mutane suka kwararo, ƴan fashi suka biyo su. Saboda haka kowa ya isa Agadas, ya tambayi hukuma halin da hanya take ciki kafin ya wuce. In an ce a dakata, a dakata. Dutse ba ya gudu.

DAGA TAWA ZUWA ABALAK

Daga Tawa zuwa Agadas wajen kilomita 400 ne. Mutanen Damagaram suna da tasu hanya, ta Tanut da Aderbisanat, wajen kilomita 450. Ba Maraɗe yana iya bin wadda ya ga dama. Mu dai ta Tawa za mu bi. An zuba mata kwalta a ƙarshen shekarun 1970, da kuɗin yuraniyom, domin manyan motocin Arlit. Shekaru da nauyin kaya sun ci ta ƙwarai, saboda haka kada ku ƙirga tafiyar da kilomita kaɗai. Ku ƙirga da ramuka.

Zangonmu na fari Tabalak, wajen kilomita 50 daga Tawa. A nan akwai babban tabki a gefen hanya. Ku sauka ku miƙe ƙafa. Za ku ga masunta cikin jirage, da garaken albasa da na kayan miya a bakin ruwa, da garken shanu suna saukowa sha. Da sanyi tsuntsayen ruwa suna zuwa daga nesa, wasu tun daga ƙasashen Turai. A 2005 aka sa tabkin cikin wuraren ruwa da duniya ta yarda a kiyaye. Abin da ke barazana gare shi ku ma kun san shi a garuruwanku: in an sare itacen tudu, ruwan sama sai ya kwaso yashi ya zuba cikin tabki, tabki ya riƙa cikewa.

Abalak tana wajen kilomita 135 daga Tawa. Garin makiyaya ne, da kasuwar dabbobi. A nan ake sayen cuku, wanda ba ya lalacewa a hanya. Ku saya, zai yi muku rana bisa dutse.

Daga nan ku sa ido ta tagar mota. Gonakin hatsi suna raguwa, suna raguwa, har su ƙare. Sai ciyawa da ƙaya da raƙuma. A 1961 gwamnati ta yi doka, ta shata iyakar noman damina. Arewa da wannan iyaka ƙasar kiwo ce. Dalili a fili yake: ruwan sama bai isa hatsi ya nuna kowace shekara ba, kuma in an kafta wannan ƙasa iska ce ke kwashe ta. Maraɗi tana samun wajen milimita 500 na ruwa a shekara, Agadas kuwa sau da yawa ba ta kai 150. Duk da haka gonaki sun tsallake iyakar a wurare da dama, saboda mutane sun yi yawa, ƙasar kudu ta gaji. Rigimar manomi da makiyayi da kuke ji, wani sashenta daga nan ya taso. A ganinmu, manomin da ya taɓa ratsa wannan fili da idonsa ba zai yi saurin toshe burtali ba.

INGAL DA TIGIDIT

Kafin a kai Agadas akwai hanyar da ta ratse hagu zuwa Ingal, garin dabino. Ƙasar wajen tana da gishiri da kanwa, a cikin ruwa da cikin ciyawa. Shi ya sa a ƙarshen damina, wajen watan Satumba, Abzinawa da Fulani suke kai dabbobinsu can su lashi gishiri su yi ƙiba. Ana babban taro, ana tseren raƙuma, ana sada zumunci.

Kudu da Agadas akwai wata doguwar ganuwar dutse mai lanƙwasa kamar baka, ana ce mata Tigidit. Masu zuwa daga Damagaram suna gangara ta kafin su shiga gari. A gindinta, a 1997, masu bincike suka tono ƙasusuwan wata dabba da tsawonta ya kusa mita 20. Sun sa mata suna Jobariya, daga Jobar, wata dabba ta cikin tatsuniyar Abzinawa. Tun kafin nan, a shekarun 1960, an tono wasu a Gadufawa, gabas da nan. Masu ilimi sun ce waɗannan dabbobi sun rayu fiye da shekara miliyan 100 da suka wuce, lokacin da wurin yake da koguna da manyan itatuwa. Wanda ya je Yamai, ya shiga gidan kallo na Bubu Hama, zai ga irin waɗannan ƙasusuwa an harhaɗa su tsaye.

AGADAS

Tun daga nesa abin da ake fara hangowa shi ne hasumiyar babban masallaci. Tsawonta mita 27, kuma da laka aka gina ta.  An fara gina ta wajen 1515, aka sake ta a 1844. Itatuwan da kuka ga sun fito daga jikinta ba ado ba ne kawai. Suna riƙe ginin, kuma a kansu magina ke takawa in za su yi yaɓe. Ku duba da kyau, ku da kuke cewa ginin ƙasa na talaka ne. Ga laka ta yi shekaru ɗaruruwa a tsaye, don ana kula da ita.

Kusa da masallacin fadar Sarkin Abzin take. Sarautar ta kafu tun ƙarni na 15. Daga Disamba 1916 zuwa Maris 1917 Kawsan da mutanensa suka tsare sojan Faransa cikin barikinsu na Agadas, kafin a kawo musu gudummawa daga kudu. Abin da ya biyo baya ya yi wa Abzin muni: an kashe mutane, an ƙwace raƙuma, garuruwa da yawa suka watse. A 2013 hukumar UNESCO ta sa tsohon garin cikin kayan tarihin duniya.

Ba za ku ɓata a Agadas ba, domin Hausa ake yi a kasuwa da cikin unguwanni. A nan za ku nemi abu biyu: mota mai ƙarfi da ta saba da dutse, da jagora ɗan ƙasar. Kada ku yi rowar kuɗin jagora. Matambayi ba ya ɓata, amma bisa Bagazam kuna iya yin rabin yini ba ku gamu da wanda za ku tambaya ba.

DAGA AGADAS ZUWA TABELOT

Tabelot tana arewa maso gabas da Agadas, fiye da kilomita 100, ta hanyar Abardak. Tafiya ce ta duwatsu baƙaƙe da ƙoramu masu farin yashi. A bakin kowace ƙorama akwai goriba da aduwa da magarya, kore shar, bayansu kuwa dutse tsirara. Wanda bai taɓa gani ba zai yi ta cewa direba ya tsaya.

A nan akwai darasin da ya shafi rai. Ƙoramar Abzin a bushe take kusan duk shekara. Yashinta yana da laushi, akwai inuwa, sai baƙo ya ce ga wurin kwana. Kada ku kuskura, musamman da damina. Dutse ba ya shan ruwa. In an yi ruwa can bisa, inda ba ku gani ba, ba ku ji ko tsawa ba, duk ruwan sai ya taru ya gangaro lokaci guda, da itace da duwatsu a gabansa. Yana tafiya da raƙumi, yana kifar da mota. A farkon Satumba 2009 ƙoramar Telwa ta fasa ta shiga Agadas da dare, ta rushe dubban gidaje. Ɗan Abzin yana kwana a kan tudu, ko da sama tana cike da taurari. In kun tarar ƙorama tana gudu, ku zauna ku dafa shayi. Awa kaɗan za ta janye.

Amma wannan ruwa mai ɓarna shi ne arzikin ƙasar. Yana nutsewa cikin yashin ƙorama ya kwanta a ƙasa. Mutane sai su gina rijiyoyi a gefe, su yi garka. Dabararsu ta gargajiya ana ce mata takarkart. Ana kafa itace bisa bakin rijiya, a sa ƙarfe ko itace mai juyawa, a ɗaura babban wasaki mai baki biyu. Sa ko raƙumi yana ja, yaro yana kora shi. In wasaki ya iso sama sai ya zubar da ruwansa da kansa cikin kwararo, ruwa ya bi ta fangali zuwa fangali. Da haka suke noma alkama da masara da tumatir da albasa, shekara duka, a ƙasar da hatsin damina ba ya yi.

Yanzu injin ban ruwa ya maye gurbin sa a garake da yawa. Albasar Tabelot tana cika manyan motoci, tana zuwa kudu har ƙasashen bakin teku. Kuɗi sun shigo. Sai dai inji ba ya gajiya kamar sa. Yana jan ruwa fiye da yadda damina ke mayarwa, rijiyoyi suna ƙara zurfi. Kuma in kowa ya shuka albasa, aka kwashe ta lokaci guda, sai farashi ya faɗi, ga bashin mai da na taki. Masu noman rani na Maraɗi da na Galmi, ku tattauna wannan a cibiya, domin ba labarin Abzin kaɗai ba ne. Maganin da ake yi can shi ne gina ƙananan shingaye na dutse a cikin ƙorama, don ruwa ya rage gudu ya samu ya nutse.

HAWA

Daga Tabelot Bagazam yana tsaye a gabanku kamar ganuwar birni. Dutse ne mai faɗin kai, tsawonsa wajen kilomita 40, faɗinsa wajen 20. Gefensa a miƙe yake, ya tashi fiye da mita 500 bisa filin da ke kewaye da shi. Hanyoyin da kakanni suka bi ƴan kaɗan ne, ta cikin tsagin dutse, mutum da jakinsa. Ita za mu bi.

Tsofaffi suna cewa a zamanin yaƙe-yaƙe mutanen Abzin nan suke hawa su fake, da iyalansu da dabbobinsu. In kun ga hanyar za ku yarda. Mutum goma a bakin tsagi sun isa su tsare runduna.

A tashi da asuba, bayan salla. A ɗora wa jakai ruwa da abinci da barguna. Kowane mutum ya lissafa wa kansa lita 4 ko 5 na ruwa a yini, kuma ya riƙa sha kaɗan kaɗan tun bai ji ƙishirwa ba. Takalmi ya zama mai riƙe ƙafa, wanda aka saba da shi. Sabon takalmi yana sa kumburi tun kafin hantsi. A riƙe sanda. Jagora a gaba, mai ƙarfi a baya, kada a bar kowa shi kaɗai.

Ɗan kudu da ya saba da fili zai ji numfashinsa yana sama sama, gwiwa tana rawa. Ba ciwo ba ne. Hawan ne, kuma iskar bisa ta fi ta ƙasa sauƙi kaɗan. A yi ƙananan taku, a huta a inuwa. Sannu ba ta hana zuwa. Amma wanda yake da ciwon zuciya ko hawan jini ya ga likita tun a gida. Kada a sa hannu cikin rami ko ƙarƙashin dutse ba a duba ba, saboda kunama da maciji. Da safe a kakkaɓe takalmi kafin a sa.

A cikin tsagin akwai wuraren da ruwa ke tsattsafowa daga dutse, da kwarin dutse inda ruwan damina ke kwanciya wata da watanni. Wannan ruwa na masu wucewa ne da dabbobinsu duka. Ba a wanka a ciki, ba a sa sabulu. Ana ɗiba a koma gefe. In za ku sha, ku tafasa. Mai sa'a yana iya ganin rema tana shan hantsi bisa dutse. Ragon dutse kuwa ya yi wuyar gani, domin mafarauta sun rage shi ƙwarai, kuma doka ta hana harbinsa.

BISA DUTSE

In kun fito daga tsagin sai ku ga abin mamaki. Kuna tsammanin tsini, sai ga fili, mita 1500 ko fiye bisa teku, da manyan duwatsu mulmulallu kamar an jera su da hannu. Ga garuruwa, ga masallatai, ga awaki, ga garake. Saboda sanyin wurin, dankalin turawa da tafarnuwa suna yi sosai. Akwai ɓaure da rumman da lemu. A wasu kwazazzabai akwai zaitun na daji, irin wanda ya saura tun lokacin da Sahara take da ruwa.

Mutanen wurin Abzinawa ne, mafi yawansu Kel Ewe. Ku yi sallama, ku gaida tsofaffi, kada ku shiga garkar mutum ba izini, kada ku ɗauki hoton kowa sai ya yarda. In an ba ku shayi, ku jira kofi na uku kafin ku tashi.

Ba baƙinku ba ne. Su ne masu ayarin da ke sauka a gonakinku bayan girbi. Wajen watan Oktoba suke ɗaura wa raƙuma kaya, su ratsa Tenere zuwa Fashi da Bilma da hatsi, su komo da gishiri da dabino. Zuwa da komowa yana cin wata guda ko fiye. Su ɗan huta, sa'annan su gangara Damargu da Damagaram da Maraɗi, wasu har Kano. Su sayar da gishiri, su sayi hatsi. Raƙumansu su ci kara, su bar wa mai gona taki. Sai kusan damina su koma gida. Motoci sun karɓe kaso mai yawa na wannan fatauci, amma ayari bai mutu ba. Ke nan hatsin da ake dakawa bisa Bagazam, wataƙila daga rumbun ɗayanku ya fito.

Zumuncin ya ma fi haka tsufa. Gobirawa suna cewa kakanninsu sun zauna a Abzin kafin su gangaro kudu. Masu dawaki kuma sun san sunan nan: dokin Bagazam, wanda sarakuna suke alfahari da shi.

Yanzu maganar bargo. Duk mita 1000 da aka hau, zafi yana raguwa da wajen digiri 6. Daga Agadas zuwa ƙololuwa akwai mita 1500, wato wajen digiri 9 ko 10. Da rana za ku ji daɗi. Amma da dare, cikin Disamba da Janairu, ruwan da aka bari a buta yana iya daskarewa. A kwana a bayan dutse inda iska ba ta bugu, a shimfiɗa tabarma da bargo a ƙasa, a rufe kai. Itacen wuta kuwa a tsinci busasshe kawai. Icen da ke bisa wannan dutse yana shekaru da yawa kafin ya kai tsawon mutum.

ƘOLOLUWA

Idukal-n-Tages yana wajen arewacin Bagazam. Daga inda aka fito bisa fili sai an ƙara tafiya, a kwana a hanya. Kada wanda ya sa ran ya je ya komo Tabelot a yini guda. Hawan ƙarshe ba ya bukatar igiya, amma duwatsu ne masu motsi a ƙarƙashin ƙafa, wani wuri sai an dafa da hannu. A bar jakai a ƙasa. A tashi da sassafe, domin a iso kafin rana ta yi tsaka, kuma domin da safe ne ƙura ba ta rufe nesa ba.

A can bisa babu gini, babu inuwa, sai iska. Duk inda kuka juya, ƙasar Nijar tana ƙarƙashinku. Duwatsun Abzin sun jeru zuwa arewa, wani bayan wani. Can gabas, bayan duwatsu, Tenere ce, hanyar ayari. Ƙoramu kuwa kamar farin zare, da koren layi a gefensu.

Ku bi waɗannan zaruruwa da tunani. Ruwan da ya sauka a yammacin Abzin yana gangarawa filin Irazer, daga nan ya nufi kwarin Azawak. A zamanin da, babban kogi ne yake bi ta nan, ya gangara kudu ta Dallol Boso, ya faɗa Kwara. Yau kogin ya ƙafe, sai kwarinsa ya saura, inda ruwa yake kusa, ake gina rijiya ba wuya. Ke nan daga wuri mafi tsawo na ƙasarmu zuwa wuri mafi ƙasa, ruwa ya taɓa shata hanya guda.

Ba a daɗewa a ƙololuwa. A ci dabino da cuku, a sha ruwa, a tattara duk abin da aka zo da shi, har leda da gwangwani, domin akuyar da ta haɗiye leda mutuwa take yi. Saukowa ta fi hawa haɗari. Ƙafa ta gaji, hankali ya koma gida, a nan ne ake zamewa, ga shi likita yana da nisa. A sauko da gefen ƙafa, sanda a gaba, kuma kada wani ya tsaya daidai ƙarƙashin wani, saboda dutsen da zai gangaro.

AIKIN CIBIYA

Malami ya zana taswirar Nijar a allo. Ɗalibi guda ya fito ya sa Tawa, wani ya sa Abalak, wani Agadas, wani Tabelot. Kowa ya rubuta sunayen a littafinsa, da babban baƙi a farkon kowane suna.

Sa'annan a yi wannan lissafi. Idukal-n-Tages yana da mita 2022, Gerebun yana da 1944. Da mita nawa na farko ya fi na biyu? Daga Tawa zuwa Agadas kilomita 400 ne, mota ta iso Abalak a kilomita 135. Saura nawa? Mutum 6 za su yi kwana 4 bisa dutse, kowa yana shan lita 5 a yini. Lita nawa za a tanada, kuma jarka nawa ke nan in kowace tana cin lita 20? Wanda ya gama da wuri ya gwada wannan: hasumiyar Agadas nawa za a ɗora bisa juna kafin a kai mita 1500?

A ƙarshen zama a aika a kira wani tsoho na gari wanda ya taɓa saukar da ayari a gonarsa. Ya faɗi tiya nawa ta hatsi ake ba da kantu guda a zamaninsa, ɗalibai su rubuta, su aiko mana.